Rediyo ta ƙi karanta faifan CD: tambayoyin da ake yi mini a rumfa

Ana ta cewa zamanin CD ya wuce, waya da kile, wato ƴar ma'ajiyar USB da ake zuba sauti a ciki, sun kore shi. To amma a rumfata ta gyaran rediyo a nan Maradi, da wuya mako ya fita ba a kawo mini mai cin faifai ba. Wani dattijo ne da jakar tafsirin da ya tara shekara da shekaru, wani direba ne mai bin hanyar Damagaram, wata kuma faifan bikinta ne take son ta sake saurare. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Malam, na sa faifai ta yi shiru, daga baya ta rubuta NO DISC. Ta mutu ke nan?

A'a, yawanci ba ta mutu ba. Wannan rubutu na nufin ta duba ba ta ga faifai ba, kuma abubuwa da yawa kan hana ta gani. Idan ka san matakan da take bi kafin sauti ya fito, kunnenka kaɗai zai nuna maka inda ta tsaya.

Da ka rufe murfi, akwai wani ɗan makunni da ke shaida mata cewa an rufe. Sai ƙaramin inji ya ja ido, wato ɗan gilashin nan mai kama da ƙwayar idon kifi, ya mayar da shi can tsakiya kusa da ramin faifai, domin CD daga ciki ake fara karanta shi a nufo baki, saɓanin faifan garmaho na da. Sai hasken leza ya kunnu, ido ya yi sama ya yi ƙasa sau biyu ko uku yana neman faifan. In hasken ya daki faifai ya dawo, a lokacin ne faifai zai fara juyawa, ta karanta jerin abin da ke ciki, ta rubuta maka yawan waƙoƙi da mintoci. Duk wannan cikin ƴan daƙiƙu ne. Ka kara kunnenka: ka ji motsin ido? Ka ji ɗan ƙas-ƙas na sama da ƙasa? Faifan ya juya ko bai ko motsa ba? Amsar waɗannan uku ita nake fara tambayar duk wanda ya zo, tun kafin in taɓa sukundireba.

Me zan fara dubawa kafin in ɗauko ta zuwa wurinka?

Faifan. Gwada guda uku daban-daban, kuma a ciki a samu aƙalla ɗaya na kamfani, mai farin bayan azurfa, ba wanda aka kwafa a kwamfuta ba. In ta karanta ɗaya ta ƙi biyu, matsalar ta fi karkata ga faifan ko ido da ya fara gajiya. In ta ƙi duka, to daga cikinta ne. Ka kuma tabbata gefen rubutu na sama, kuma a irin rediyon da ake buɗe murfinta ta sama, ka danna faifan har sai ya ce ƙas. Kada ka yi dariya, an sha ɗauko mini rediyo a kan babur tun daga Tibiri saboda wannan kaɗai.

Yaya ake goge faifai? Ni da bakin riga nake zagaye shi.

Zagayen nan shi ne ɓarnar. Sautin yana kwance ne a kan layi guda siriri da ya nannaɗe kamar gammo tun daga tsakiya har baki, tsawonsa ya haura kilomita 5 a kan faifan da faɗinsa santimita 12 ne kacal. Idan ƙarzuwa ta ratsa layin a gicciye, ɗan kaɗan take ci a kowane zagaye, kuma na'urar tana da dabarar cike gurbin abin da ya ɓace. Idan kuwa ƙarzuwar ta bi layin a zagaye, sai ta shafe dogon zango a jere, dabarar ta gaza, ka ji sauti na tsalle ko yana maimaita kalma ɗaya kamar mai in'ina.

Saboda haka ka fara hure ƙurar ko ka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, tun da ƙurar garinmu yashi ce, in ka goge ta a bushe kamar ka sa masa sanfefa ne. Sannan ka samu ƙyalle mai laushi na auduga, ka riƙa gogewa daga rami zuwa baki, miƙe, kamar wayoyin ƙafar keke. Bar shi ya bushe sarai kafin ka sa.

Wani abu da mutane ba su sani ba: gefen rubutu ya fi gefen karatu rauni. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, kusan dukkansa roba ce mai kare sautin ta ƙasa, amma ta sama ɗan fenti ne kawai ya rufe azurfar. Ɗaga faifan ka kalli rana ta cikinsa. In ka ga haske na ɓullowa ta ƙananan huji, abin da ke wurin ya tafi, babu mai dawo da shi. Kada a yi rubutu a kansa da biro mai tsini.

An ce man goge baki yana gyara faifan da ya ƙarzu. Gaskiya ne?

Wani lokaci. Farin man yana ɗan lallashe bakin ƙarzuwar da ba ta yi zurfi ba, a gefen karatu kawai, daga ciki zuwa waje, sannan a wanke. In ya karanta bayan haka, yi maza ka kwafe shi. Mai zurfi kuwa, wadda farce ke kamawa, sai haƙuri.

Faifan nan yana aiki a DVD ɗin maƙwabcina, amma rediyona ta ƙi shi. Me ya sa?

Nan ne aka fi zargin rediyo alhali ba ta da laifi. Siffar faifan ɗaya ce, amma abin da ke ciki ya bambanta. CD na sauti, irin wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, minti 74 zuwa 80 yake ɗauka, da wuya ya wuce nan. In mai kwafa ya ce ya zuba maka izu sittin a faifai guda, ko tafsirin watan azumi gaba ɗaya, to MP3 ne, kuma tsohuwar rediyon da ba a rubuta MP3 a goshinta ba ba ta san wannan yare ba. Wata za ta ce babu faifai, wata za ta nuna lamba tana tafiya amma shiru. Haka faifan bidiyo na VCD. Shi kuwa DVD ba ma a maganarsa, domin da jan haske ake karanta shi, ita kuma rediyon CD haskenta wani ne daban wanda idon mutum ba ya gani sosai.

Sai kuma bambancin faifan kwafi. CD-R sau ɗaya ake rubuta shi, yawancin na'urori suna karɓarsa. CD-RW, mai gogewa a sake rubutawa, hasken da yake mayarwa bai kai ko rabin na faifan kamfani ba, tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa ganinsa sam. Kuma ko CD-R ne, in mai kwafar bai rufe shi ba bayan ya gama, jerin da na'urar ke nema a tsakiya bai rubutu ba, kwamfuta za ta karanta, rediyo ta ƙi. In za ka ba da kwafi, ka ce a yi maka na sauti, a kan CD-R, a rufe shi, kuma a rubuta a hankali ba da gudun ƙarshe ba. Masu shagon kwafi sun fi son sauri saboda layi, sai ka roƙa.

To na yarda idon ne. Zan iya share shi da kaina?

Za ka iya, in hannunka ba ya rawa. Wannan shi ne gyaran da na fi yi, musamman daga watan Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hazo ke rufe gari, ƙura ta shiga ko'ina har cikin akwatin da aka kulle. Sai dai ba ƙura kaɗai ba ce. A ɗakunan mata, turaren wuta shi ne babban abokin gabar ido. Hayaƙinsa na da maiƙo, yana kwanciya a kan gilashin kamar dusar man shanu, ƙura ta zo ta manne. Hayaƙin maganin sauro da na murhu ma haka. Na sha buɗe rediyon amarya in ji ƙamshin turare ya buge ni, tun kafin in duba na san ciwon.

Cire wayar daga bango tukuna, in da batir a ciki ka fitar. A rediyo mai murfin sama idon a fili yake. A mai tire sai ka kwance murfin ƙarfen. Fara da hura iska da ƴar robar hura iska, ba da baki ba, saboda yawu. Sannan ka samu tsinken auduga irin na goge kunne, ka ɗan jiƙa shi da alkol mai ƙarfi, wanda ruwa bai yi masa yawa ba, ka matse shi har ya zama danshi kawai. Taɓa gilashin a hankali, ka juya sau biyu ko uku, ka bi da busasshen gefen. Za ka ji idon na lilo a ƙarƙashin hannunka, domin a kan wasu wayoyi masu sirantar gashi yake rataye. Kada ka danna. In waya ɗaya ta lanƙwashe, idon ya karkace ke nan har abada, garin neman gira an rasa ido.

Fetur, kananzir, tina, turaren fesawa da ruwan goge farce duk haramun ne a nan. Gilashin da muke cewa gilashi, a yawancin na'urori roba ce, waɗannan kuwa suna cinye ta ta yi fari fat. Ka jira minti biyar ya bushe kafin ka kunna.

Akwai ƙurar da ke shiga ƙarƙashin ido ta kwanta a kan madubin da ke ciki. Wannan auduga ba ta kai mata, sai iska, kuma ba kullum take fita ba.

Faifan share ido mai ɗan buroshi fa?

Ƙura busasshiya yake ɗaukewa, maiƙo kuwa sai dai ya shafa shi. Kuma sai na'urar ta gan shi ta juya shi kafin ya yi aiki, ita kuwa taka ba ta ganin komai. Ya fi amfani a rediyon mota inda hannu ba ya kaiwa.

Yaya zan san hasken yana kunnuwa? Zan iya leƙawa?

Kada ka ɗora idonka a saitinsa. Hasken yana da ƙarfi fiye da yadda yake nunawa, abin da ka gani ɗan ja-ja ne mai rauni, sauran ba ya ganuwa amma yana shiga ido. Tsaya daga gefe, nesa da kamu biyu, a wuri mai duhu, ko ka saita kyamarar wayarka ka kalla ta allo. In ka ga ɗigon haske kuma ido na sama da ƙasa, wuta na isa gare shi. In babu motsi babu haske, ka duba makunnin murfi. A rediyo mai murfin sama wani ɗan tsinken roba ne a jikin murfin ke shiga rami ya danna shi, yara kan karya shi. Ka duba kuma faffaɗar wayar nan mai kama da tsiri na leda da ta haɗa ido da allon na'ura. Kullum tana lanƙwasa tana miƙewa, da tsufa takan tsage a ciki, ko ta zame daga mazauninta.

Faifan ba ya juyawa ko kaɗan. Injin ne ya ƙone?

Kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Na'urori da yawa ba sa juya faifai sai ido ya fara ganinsa, don haka rashin juyawa sau tari laifin ido ne. Inda nake zargin injin shi ne idan faifan ya yi yunƙuri ya tsaya, ko yana juyawa da ƙyar, ko kuma in ka ɗan tura shi da yatsa sai ya kama. A farkon faifai yana buƙatar wajen zagaye 500 a minti, ya sauko zuwa wajen 200 a ƙarshe, don haka inji mai rauni tun a ƙofa yake faɗuwa. Bayan ka cire wuta, juya mazaunin faifan da yatsa. Ya kamata ya tafi sumul. Sau da yawa gashi ko zare ne ya nannaɗe ƙarfen. Ka lura kuma kada ka danna mazaunin ƙasa, domin tsayinsa a aune yake. In wani ya taɓa dafa shi da ƙarfi ya nutse, ido ba zai ƙara samun faifai daidai ba.

Tana fara karatu lafiya, amma in an kai waƙa ta bakwai ko ta takwas sai ta maƙale.

In a faifai ɗaya ne, faifan ne: ko ƙarzuwa a wajen baki, ko ya lanƙwashe saboda an bar shi a gaban mota cikin ranar Afrilu. In kuwa kowane faifai a daidai wurin yake tsayawa, hanyar da ido ke bi ce ta toshe. Idon yana tafiya ne a kan sandar ƙarfe, haƙoran roba na tura shi. Man da kamfani ya shafa yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar ƙullun tuwo. Goge sandar da haƙoran da alkol, ka duba ko wani haƙori ya karye ko tsakuwa ta shiga tsakani, sannan ka ɗiga ɗigo guda na man keken ɗinki a sandar. Guda fa. Mu mutanen ƙasar gyaɗa komai ya yi tauri sai mu tuna da man gyaɗa, to a nan kada a kuskura. Yana yin danƙo, kuma yana gayyato tururuwa da kyankyasai, su kuwa in suka tare a cikin rediyo sai an yi da gaske.

Tiren ya ƙi fitowa, ina jin inji na kuka a ciki.

Bel ne, ɗan zoben roba da ke haɗa inji da haƙora. Zafi yana sa ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. A canza shi da daidai girmansa. Robar ɗaure kuɗi tana fitar da mutum kunya na kwana biyu, daga nan ta narke. Bel mai santsi yana iya jawo NO DISC ma, saboda shi ne ke ɗaga ido ya manne faifan bayan tire ya shiga. Kada a fizgo tire da ƙarfi.

Rediyo da kaset suna aiki, CD kaɗai ya ƙi. Kuma in dare ya yi ya fi ƙi.

Wannan ƙamshin matsalar wuta nake ji. Ɓangaren CD yana da injuna da leza, ya fi rediyo cin wuta nesa ba kusa ba, shi ne ke fara faɗuwa in kuran ya yi ƙasa ko batir ya yi sanyi. Sa sababbin batura ka gani, ko ka gwada ta a wani gida. In da janareta kake aiki ko hasken rana, na'urar daidaita wuta tana taimakawa. Idan kuma sai ta ɗauki minti goma a kunne kafin ta yarda ta karanta, ina duba kwandansa na ɓangaren wuta, wato ƴan gwangwanayen nan masu tara wuta. Wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa a gindi ya gama aiki. Wannan ɓangare ka bar wa mai gyara, don yana riƙe wuta ko bayan an cire waya.

Masu sayen kayan gwanjo su duba bayan na'ura kafin su soka. Wutarmu 220 ce. Kayan Faransa da sauran ƙasashen Turai sun dace da ita, amma na Amurka 120 ne, na Japan 100. In babu makunnin sauyawa a baya kuma ka soka kai tsaye, hayaƙi za ka gani.

Da damina kuma, ko in an fito da na'ura daga ɗaki mai sanyin inji zuwa waje, ido kan yi raɓa. Bar ta a buɗe awa guda, za ta dawo da kanta.

Wani yaro ya ce akwai ɗan sukuru a jikin ido, in an murɗa shi komai zai dawo.

Akwai shi, kuma shi ya kashe idanu da yawa a garin nan. Yana ƙara wutar da ke shiga leza ne. Leza da ta tsufa haskenta ya ragu, in an ƙara mata wuta kaɗan takan yi ƴan watanni tana aiki, amma kamar dukan jakin da ya gaji ne, tafiyar za ta yi sauri, ƙarshen ma haka. In aka zarce da murɗawa ko da kaurin farce ne, nan take take ƙonewa. Ni ba na taɓa shi sai na share ido, na duba waya, inji da wuta, na auna inda yake da mita na rubuta, kuma na gaya wa mai kaya cewa lallaɓawa ce kawai. Wanda ya fara da wannan sukuru tun bai goge ƙura ba, gyaran gangar Abzinawa ya yi maka.

In idon ya mutu ana samun sabo?

Ana samun na na'urori da yawa, domin kamfanoni kaɗan ne suka ƙera idanun da ke cikin rediyoyi iri-iri. Lambar tana jikinsa a ƴar takarda, irin su KSS-213 na Sony ko SF-P101N na Sanyo. Shi na biyun kala biyu ne, mai ƙafa 15 da mai ƙafa 16, ba sa shiga wurin juna, don haka ka tafi da tsohon a aljihu ko ka aika hotonsa in daga Katsina ko Kano za a sayo maka. Tsohuwar rediyon da ta mutu ta wani wajen ma takan ba da ido mai kyau, shi ya sa ba na zubar da gawa.

Sabon ido yana zuwa da ɗigon dalma da aka haɗe ƙafa biyu da shi don kare leza a hanya. Sai an narke shi an cire bayan an ɗaura. Farkon koyona na sa sabo ya ƙi haske, na mayar wa mai kanti ina faɗa cewa ya sayar mini da mushe. Ya karɓa ya duba, ya nuna mini ɗigon da ɗan yatsa, bai ce komai ba. Har yau in na wuce ta gabansa sai na sunkuyar da kai.

Alhaji ya ce in tambaye ka: a gyara ko a sayi wata?

Ki gaya wa Alhaji, in shara ce ko bel ko waya, a gyara, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. In ido ne, a kwatanta kuɗinsa da na aiki da farashin wata ta hannu. Ƙaramar rediyon roba mai araha ba ta cancanci sabon ido ba. Babbar na'ura ta da, mai nauyi, mai lasifika na katako, ta cancanta, don irinta ba ta cika shigowa kasuwa yanzu ba. Akwai kuma hanya ta uku: in sautinta na da kyau kuma tana da ramin AUX a baya, a haɗa mata waya ko ƴar na'urar karanta kile, ta ci gaba da aiki ko da ɓangaren CD ya kwanta.

Su kuma faifan tafsirin nasa, tun da na kwafi ne, rubutunsu a kan wani rini yake wanda zafi da hasken rana ke kashewa sannu a hankali. Wanda ya fara yin dabbare-dabbare ko azurfarsa na ɓarewa daga baki, a fara da shi. A kai wa mai kwamfutar da har yanzu ke da wurin sa faifai, a juye su duka a kile biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wurin ɗansa.